Ina Nauyin Ya Tafi?

Ni ce mai dafa wa yara miya
a makarantar da ke kallon Tafkin Titikaka.
Shekara hamsin ina shanya dankali a fili,
in bar wa sanyin dare aikinsa,
da safe in tattake shi da dunduniya,
rana ta tsotse abin da ya rage.
Cunyo muke ce masa. Baƙi, sakayau,
ya shekara goma a rumbu bai yi ƙorafi ba.
Ni ma ban taɓa tambayarsa komai ba.

Sai Nelida, 'yar aji uku mai giɓi,
ta ɗauki ɗanye a dama, busasshe a hagu,
ta ɗaga su kamar mai raba gardama:
"Malama, ina nauyin ya tafi?"

Na tsaya da ludayi a hannu,
na ce yanzu za a cusa mata amsa a huta.
Malama Rufina ta juya alli a yatsunta,
ta ce, "Wa ya gan shi yana fita?"
Sabino ya ce lama ce ke lashewa da dare.
Wayra ta ce ƙasa ke sha.
Hustino, wanda sai an matsa yake magana,
ya ce wataƙila sama.
Duk ta rubuta a allo, har da lamar,
ba ta yi wa kowa dariya ba.

Sanda ɗaya, gwangwani biyu, ga sikeli.
Murafun kwalba suka zama duwatsun awo.
Dankali sha biyu daga buhuna,
ba wanda ya roƙa, na dai ga buhun ya rame.
Huɗu a kan ciyawa,
huɗu a faranti don kada ƙasa ta samu,
huɗu ƙarƙashin tsohuwar tukunyata a kife.
Aka ja shinge saboda lamar Sabino.

Kullum kafin rana ta leƙo ta bayan dutse
suna tsugune, hanci na zuba,
suna karanta jan zaren ma'aunin sanyi,
suna ƙirga murafu da yatsu masu rawa.
Kare ya ci ɗaya. Aka rubuta: kare ya ci ɗaya.
Na cikin tukunya suka fara ruɓewa,
amma da aka ɗaga ta
ga gumi ɗigo-ɗigo a cikinta,
kamar an tare matafiyi a hanya.
Hustino ya taɓa da yatsa, ya kalli sama,
ya sunkuyar da kai yana murmushi.

Abin da ya hana ni barci daban ne.
Dare sha huɗu suka ƙirga a watan Yuni,
biyar kacal ƙanƙara ta sauka.
Bakina ya suɓuce: "Da ina yarinya
dare uku a jere, an gama.
Ba a jiran sanyi, shi ke jiran mutum."
Na koma ga murhuna.

Sai ga Nelida da littafi a bakin ƙofa:
"Donya Petrona, wace shekara ce?
Tafkin fa, a ina ya tsaya a lokacin?"
Na nuna mata da ludayi,
can, inda tumaki ke kiwo yanzu.
Ta rubuta sunana a ƙarƙashin lambobi,
ni da ban gama aji biyu ba.

Malama ta ce baki ɗaya bai isa shaida ba,
kowa ya je ya tambayi tsofaffin gidansu.
Na ɗan ji haushi, ba zan ɓoye ba.
Amma ni ma ba na sayen buhu
don kyan dankalin da ke sama.

Jiya da yamma na fita shanya nawa.
Kafin in zube su sai na tsinci kaina
ina jinjina ɗaya a tafin hannu,
ina duban sama ko akwai gajimare.
A ƙullin mayafina
akwai murfin kwalba bakwai.
Ban gaya wa kowa ba tukuna.